Kawu Mai Karɓar Cizo

Shekarar da na gama karatu a Alƙahira ban koma gida nan take ba. Wani babban ma'aikaci a ofishin jakadancinmu yana neman direban da zai riƙa zirga-zirga da iyalinsa, wanda ya san gari kuma yake jin Larabcin titi, sai wani ɗan garinmu ya haɗa mu. Na ci gaba da zama a gidan hayarmu na unguwar Madinat Nasr tare da ɗalibai uku. Da safe in hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, in je gidan maigidan in ɗauki mota, da yamma in ajiye in dawo. Yallaɓai nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini, ko da kuwa wankin mota zai sa ni.

Ban cika wata uku ba ya sayo karya. 'Yar wata bakwai ce, irin karnukan nan na Beljiyam marasa ƙiba, jikinta ruwan ƙasa, fuskarta baƙa wuluk kamar ta leƙa tsohuwar tukunya, kunnuwa a tsaye. Wani abokinsa Bamisire ne ya gaya masa akwai filin da ake koya wa irinta wasan tsaro. Wasa ne na gasa, da alƙali da maki. Kare zai nemo mutumin da ya ɓuya, ya tsare shi da haushi. In mutumin ya gudu ko ya kawo farmaki, ya cafke shi a hannun da aka sa wa kariya, in mai shi ya ce saki ya saki. Yallaɓai ya kai ta da kansa sau biyu, sai aiki ya sha masa kai. Ranar wata Alhamis ya miƙo mini igiyarta ya ce, "Malam, daga gobe kai za ka riƙa kai ta. Juma'a da Asabar, da sassafe."

Na ce to, don ba a ce wa Yallaɓai a'a. Amma ni a gidanmu na Gusau ba a taɓa ajiye kare ba. Karnukan da na sani na mafarauta ne, in sun ratso unguwa mu haye dakali. Ranar farko na yi tuƙin nan ne ina ta kallon madubi, duk da tana kulle a keji a bayan mota.

Filin yana bayan gari ta hanyar Suwais, inda gine-gine suke ƙarewa rairayi ya fara. An kewaye shi da katanga, an shuka ciyawa. A gefe da gefe an kafa maɓoya shida, kamar ƙananan tantuna masu tsayin mutum. Mai filin wani gajeren Bamisire ne mai usur a wuya, kowa Kaftin yake ce masa. Yana son karnuka, yana son magana, kuma ban san wanne ya fi so ba.

Ina shiga na tarar an saki wani ƙaton kare daga ƙarshen fili. A ɗaya ƙarshen wani dogon baƙin mutum ne tsaye, gemunsa da furfura, sanye da wando mai kauri har ƙirji. Hannunsa na hagu yana cikin wani hannun riga mai tauri, an lulluɓe shi da buhu. Wannan abin shi suke kira kummu. Karen ya taho kamar an harba kibiya, mutumin kuma maimakon ya gudu sai ya nufo shi yana ihu, yana kaɗa sanda. Saura taku uku karen ya tashi sama. Na ji wani tim, na ga mutumin ya juya da karen a iska, ya dire shi a kan ƙafafunsa huɗu kamar mai sauke yaro daga kan jaki. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi ba, "Innalillahi! Wannan bawan Allah ya gaji da duniya ne?"

Da kare maƙale a hannunsa ya waiwayo ya ce, "Ban gaji ba tukuna. Matsa baya da karyarka, ɗana, ta yi kusa."

Da Hausa ya faɗa. Na tsaya baki buɗe har Kaftin ya busa mini usur.

Bayan an tashi muka gaisa. A wani ƙauye na bakin Nilu a Sudan aka haife shi. Kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabcin Sudan, in ya ji daɗin magana ya ce "ya zol", wato "kai mutumina". A unguwar Ainu Shams ta Alƙahira yake zaune da iyalinsa. Da sharar ɗakunan karnuka ya fara a filin, ya daɗe yana kallo kafin wata rana a rasa mai sa kummu ya ce a ba shi. Tun daga ranar da muka gaisa Kawu nake ce masa.

Ni na zaci za a sa masa kummu ne kawai a ce wa karyar ta cije shi. Sai na ga ya ɗauko wani tsumman buhu da aka ɗaure da igiya a jikin sanda, kamar kayan kamun kifi. Ya ce in kafa ƙafafuna, in naɗe igiyarta a hannu, kada in ja kada in saki.

"Kai turke ne," in ji shi. "Turke ba ya magana, ba ya tafiya."

Ya shiga jan tsumman a ƙasa, ya gifta ta gabanta, ya janye. Ta yi tsalle ta rasa. Ya sake. Ta yi haushi, tana yin haushin ya bar tsumman ya shiga bakinta. Suka ɗan ja, sai ya yi tangaɗi ya saki, kamar ta fi ƙarfinsa. Ta ɗaga kai da tsummanta tana kaɗa wutsiya.

"Zagaya da ita," ya ce. "Bar ta ta yi taƙama. Ta ci."

Abin da muka yi ke nan sati da sati. Daga tsumma aka koma wani dunƙulen buhu kamar ƙaramin matashi, daga nan aka koma kummu mai laushi. A nan ne aibinta ya fito. Da haƙoran gaba take kamawa, tana tauna, tana gurnani, idanunta suna yawo. Ni gurnanin burge ni yake yi. Na ce wa Kawu ai ga shi ta fara zama zakanya.

Ya girgiza kai. "Mai gurnani tsoro take ji. Wadda ta yarda da kanta cika baki take yi, har haƙoran ciki, ta yi shiru. Wannan tana cizo ne tana neman hanyar gudu."

"To ya za a yi?"

"Sai in zama mutumin da ba a jin tsoro."

Na sha ganin masu wasan kwaikwayo, amma ban ga wanda ya kai Kawu iya faɗuwa ba. Mutum ne da in ya miƙe sai ka ɗaga kai, amma a gabanta sai ya rage tsawo. Ba ya kallon idonta. Ta gefe yake zuwa, yana ɗari-ɗari kamar ɓarawon kaji. In ta yi haushi sai ya zabura ya ja baya, har ya ruga ya ɓuya. In ta kama da haƙoran gaba sai ya tsaya cak, ya ɗan sassauta. Tana gyara kamu ta cika baki, sai ya yi nishi, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya zare hannunsa ya bar mata kummun. A cikin ƙiftawar ido yake gane bambancin, ta jikin hannunsa yake ji. Sau da yawa ni da nake riƙe da igiya ban ga abin da ya canza ba, sai dai in ga ya saki.

Da ta fara samun zuciya sai ya fara ƙara mata nauyi, kaɗan-kaɗan kamar mai zuba gishiri a miya. Yau ya kalle ta ido cikin ido na ɗan lokaci. Wani satin ya shafa bayanta da sanda tana cikin cizo. Wani satin ya yi ihu. In ya ga kunnenta ya kwanta ko wutsiyarta ta sauka, sai ya koma baya taku ɗaya, ya bar ta ta ci, ya ce, "Khalas, ya isa, a mayar da ita mota." Wani lokaci tafiyar minti arba'in muke yi don aikin minti biyar. Na taɓa yi masa ƙorafi. Ya ce, "Ka tafi da ita tana son ƙari, ya fi ka tafi da ita ta ƙoshi."

A gidan hayarmu kuwa zancen ya zama darasi. Ɗaya daga cikin abokan zamana ya ce kayana ba za su shiga ɗaki ba saboda yawun kare. Wani ya ɗauko littafi ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Na ukun ya ce shi ba ruwansa da tsarki, warin ne ya dame shi. Aka yi sulhu a kan in riƙa ajiye kayan filin a leda a baranda. Da na ba Kawu labari dariya ya yi. Ya ce shi bai yi karatu ba, mu ne malamai. Abin da na gani dai shi ne, in ya gama aiki yakan tuɓe wandon nan, ya wanke hannu da fuska a famfon bakin katanga, ya canza jallabiya fara, ranar Juma'a kuma in rage masa hanya zuwa masallaci.

Da ta shekara ɗaya da 'yan watanni gurnani ya ɗauke. Tana shiga kummu mai tauri da baki cike, ta yi shiru, idonta a lumshe kamar mai shan nono. Sai wata matsalar ta ɓullo: ta ƙi saki. Kalmar sakin ita ce "sib", wato saki da Larabcin Masar. A gida in na ce sib takan ajiye ƙwallo. A kan hannun Kawu kuwa ko a jikinta. Ni kuma sai in rikice in yi ta jero ta, sib, sib, sib, ina jan igiya. Ina ja tana ƙara danna haƙora.

Kaftin ya gaji ya ce a sa mata abin wuya mai tsini, fizga biyu za ta gane. Kawu ya ce masa, "Ya Kaftin, ba ni sati uku. In ban iya ba, ka sa." Kaftin ya ɗaga kafaɗa ya ce tamam, ya yarda. Shekarun da suka yi tare sun sa ba ya musu da shi a kan abin da ya shafi hannu.

Kawu ya ja ni gefe. "Sau ɗaya za ka faɗa. Da murya irin ta wanda ya san za a yi. Daga nan ka rufe bakinka, ko da za mu kai azahar."

Ta kama, suka yi kokawa, sai ya tsaya. Ya manne kummun a ƙirjinsa ya sandare, ko ƙifta ido ba ya yi. Na ce, "Sib." Ba ta saki ba. Ta ja baya da dukkan ƙarfinta, ta girgiza kai, ta rataya. Kawu kamar an dasa shi. Ina kallon zufa tana gangarowa daga gemunsa tana ɗiga a kan hancinta. Sauran masu karnuka suka tsaya suna kallo. Bakina yana ƙaiƙayi in sake faɗa, sai in ga idonsa a kaina. Ban san minti nawa muka yi ba, na dai san ƙafata ta yi sanyi. Can sai ta buɗe baki a hankali, ta sauka, ta kalle shi kamar mai tambayar me ya same shi. Ƙafarta tana taɓa ƙasa ya yi wani irin tsalle ya farfaɗo, ya miƙa mata kummun, ta sake kamawa, ya yi tangaɗi ya bar mata.

"Ka gani?" ya ce yana haki. "Tana tsammani in ta saki wasa ya ƙare. Yanzu za ta gane sakin ne yake dawo da ni."

Rannan da ya zare wata rigar ciki da yake sa wa a ƙarƙashin kummun na ga hannunsa. Daga gwiwar hannu zuwa wuyansa duk tabo ne, sabo a kan tsoho, wani wurin ya kumbura ya yi sheƙi. Haƙori ba ya huda kummu, amma matsin yana isa har ƙashi. Na ce, "Kawu, haka kake kwana da wannan?"

Ya ce, "Da na dama nake cin abinci."

Kafin sati ukun su cika, in na ce sib takan saki kamar an taɓa maɓalli, ta zauna a gabansa tana haushi, tana roƙon ya motsa. Kaftin ya rataye abin wuyansa a ƙusa bai ƙara zancen ba.

Abin da har yau nake jin kunyarsa ya faru ne bayan wannan. Na fara jin kaina. Mutane suna yaba karyar, ni kuma ina karɓar yabon kamar ni na haife ta. Wata Asabar muna aiki da doguwar igiya, Kawu yana gifta mata, yana auna tazarar da igiyar za ta tsayar da ita. Wani Bamisire ya tsaya a bakin fili yana ɗaukarmu a waya. Na waiwaya in ga ko ina fitowa, na yi taku ɗaya gaba ban sani ba. Taku ɗayan nan ya isar da ita inda Kawu bai yi tsammani ba. Ya juya ke nan, kummun yana ɗaya gefen, ta kama hannunsa na dama, wanda ba komai a jikinsa.

Bai yi ihu ba. Bai fizge ba, bai ɗaga sanda ba. Ya sandare kamar yadda ya saba. Ni ne na daskare, na manta da kalmar sakin. Ya dube ni ya ce a hankali, kamar mai neman a miƙo masa ruwa, "Faɗa mata."

Na ce, "Sib." Ta saki ta zauna.

Jini yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Kaftin ya rugo da akwatin magani yana ta faɗa, rabi da ni rabi da mai waya. Na fara jan karyar zan kai ta mota, raina a ɓace, har na ɗaga hannu zan make ta. Kawu ya daka mini tsawa, karo na farko da na ji muryarsa ta tashi a kaina.

"Kul! Me ta yi? Abin da ya zo gabanta ta kama. Dawo da ita nan."

Ya sa aka naɗe hannun da bandeji, ya gyara kummunsa, ya koma tsakiyar fili. Ya ce ba za ta tafi gida da ɗanɗanon fata a bakinta ba, abu na ƙarshe da za ta tuna ya zama buhu. Sau biyu ya ba ta cizo mai kyau, ta saki da kyau, ya bar mata kummun ta zagaya da shi. Sannan ya yarda na kai shi asibiti. Aka wanke, aka yi masa allura, aka ɗinke wuri ɗaya.

A mota na yi ta ba shi haƙuri. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ma'alish, ba komai. Ni ma na taɓa yi wa wani haka, shi ya sa na san yadda cikinka yake yanzu. Amma ka ji, ɗana. In kana riƙe da igiya, hannuna yana wurinka ajiya. Ni kare nake kallo, ba ni da idon da zan kalle ka." Daga nan ya canza zance, ya tambaye ni ko gaskiya ne a ƙasar Hausa har yanzu ana dama fura da nono a ƙwarya. Bai ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa.

Da labarin ƙwarewar karyar ya kai kunnen Yallaɓai sai ya zo kallo wata Juma'a. Ya ga ta zagaya maɓoya, ta samo Kawu a ta ƙarshe, ta tsare shi da haushi ba ta taɓa shi ba. Ya ga gudu da kamu da saki. Ya ji daɗi ƙwarai. Amma da aka gama sai ya kira Kawu ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Sai dai ɓarawo ba zai zo da hannun buhu ba. Ina so a koya mata ta kama mutum ko ba wannan abin."

Kawu ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in nuna maka wani abu."

Ya zare kummun ya jefar gefe, ya ce in sake ta. Na saki. Ta wuce shi a guje ta ɗauki kummun, ta dawo tana tura masa a cinya don su yi wasa. Ya durƙusa ya shafa wuyanta da hannun nan mai ɗinki.

"Wannan muka shekara muna ginawa," ya ce. "Ta san buhu, ta san fili, ta san doka. Gidanka akwai iyali, akwai baƙi, akwai mai kawo burodi da safe. In na koya mata naman mutum, ba ni da hanyar da zan koya mata wane mutum. Haushinta kaɗai ya isa ya sa ɓarawo ya nemi wani gida. In kuma ɗayan kake so, akwai masu yi. Ni dai ba na yi."

Ban taɓa jin an ce wa Yallaɓai a'a a gabana ba. Ya sa tabarau, muka tafi. Sai da muka kusa gida ya ce daga kujerar baya, "Malam, mutumin nan a wace makaranta ya yi karatu?" Na ce bai yi ba. Ya ce, "Uhm." Washegari ya aiko ni da kwalin shayi da dabino in kai masa.

Da sanyi ya shigo Kaftin ya shirya gwaji a filin, ya gayyato alƙali, ya kuma gayyato wani mai karɓar cizo daga Iskandariyya, don a ga ko karnukan za su yi aiki a kan baƙon hannu. Kawu ranar jallabiya ya sa, ya tsaya a bakin fili. Ni na shiga da karyar. Ta zagaya maɓoya biyar, ta samu baƙon a ta shida. Ɗoki ya sa ta ɗan taɓa kummun da hanci kafin ta fara haushi, na ga alƙali ya yi rubutu. Baƙon ya gudu ta kamo shi. Na ce sib sau ɗaya ta saki. Ya kawo mata farmaki yana ihu yana tura ta, ba ta sassauta ba.

Sai kamun doguwar tazara, daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan. Na riƙe ta a ƙarshen fili, zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna. Baƙon ya fito yana ruri, alƙali ya ɗaga hannu, na saki. Ban san karyar nan tana da irin wannan gudun ba. Ba ta rage ba, ba ta kauce ba, ta tashi ta shige kummun da baki cike, ya juya da ita ya dire ta lafiya. Na ce sib. Ta saki.

Ta ci gwajin. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, wani baƙin kare na wata likita ne ya zo. Na fito ina neman Kawu in ga fuskarsa, sai na hango shi ya riga ya isa wurin baƙon, ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana masa godiya. Daga baya na tambaye shi godiyar me. Ya ce, "Kai kare kake kallo, ni ƙafar baƙon nake kallo. Da ya tsaya mata kamar bango, da gudun nan wuyanta zai iya karyewa. Ya karɓe ta da kyau. Yaron ya iya." Game da ita kuwa abin da ya ce kawai shi ne, "Ba ta ba mu kunya ba," ya juya yana gyara hularsa.

Bayan 'yan watanni aka yi wa Yallaɓai canjin wurin aiki, ya tafi da iyalinsa da karyar. Ni na kai su filin jirgi. Da na leƙa kejinta ta lashi yatsana ta tsakanin ƙarfe, na koma mota na daɗe ban tayar ba. Ni ma na fara shirin komawa gida.

Ana saura kwana huɗu in tashi na hau mikrobas na je yi wa Kawu sallama. Na tarar ya gama aikin safe. Muka sha shayi a gindin katanga, ya yi mini addu'a mai tsawo. Da na miƙe zan tafi sai ya ce, "Tsaya. Ba za ka je ka riƙa ba mutane labarin abin da ba ka ɗanɗana ba."

Ya sa mini wandon nan mai kauri, wanda ya yi mini yawa har sai da aka naɗe ƙafar. Ya zura mini kummun a hagu. Nauyinsa ya ba ni mamaki, cikinsa kuma da ɗumi da danshi. Ya nuna mini wani maƙalli a ciki da zan damƙe. Kaftin ya fito da wani tsohon kare mai furfura a haɓa, wanda ya daina gasa, ya ce wannan ko jariri ba zai ji wa ciwo ba.

"Ɗaga hannun daidai ƙirji," in ji Kawu. "Kada ka rufe ido. In ya zo, ka tafi tare da shi."

Taku biyar kacal aka ba karen. Na rufe ido. Na ji kamar an maka mini ƙofar mota a hannu, sai ga ni zaune a ciyawa, tsohon yana tsaye a kaina da kummu cike da baki, yana kaɗa wutsiya a hankali. Matsin ya ratsa buhu da fata ya sauka a ƙashina, ba zafin yanka ba, wani nauyi ne da ban san akwai shi a bakin dabba ba. Kaftin yana dariya har da riƙe ciki. Aka ce sib, karen ya saki, Kawu ya miƙo hannu ya tashe ni.

"To, ya ka ji?"

Na ce, "Kawu, sau nawa kake karɓar wannan a rana?"

Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Ya taya ni zare kummun, ya duba hannun, ya lallatsa, ya ce ba komai, gobe zai kumbura, in sa masa ruwan sanyi. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da mikrobas, ya gaya wa direban inda zai sauke ni kamar ban san gari ba. Kafin motar ta tashi na ga ya juya da sauri, don wata mota ta shigo filin da sabon kare.

Hannun ya kumbura kamar yadda ya faɗa. Da hannu ɗaya na ɗaure kayana, abokan zamana suka taya ni da littattafai.